Harajin kuɗin shiga: mu da ke aiki a Saudiyya, ta ina za mu rage abin da ake cira?

Abu_Hanan_Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, don Allah masu sani su taimaka, abin ya hana ni sukuni kwana biyu. Shekarata bakwai ina aiki a wani kantin magani a nan Jidda. Iyalina suna Kano, ziyara kawai suke zuwa. Duk wata ina tura kuɗin cefane da na makarantar yara ta asusun maiɗakina, na mahaifiyata kuma daban. Da ɗan abin da na tara na gina gida mai sashe biyu a Rijiyar Zaki, iyali na zaune a ɗaya, ɗayan na zuba 'yan haya.

Shekaranjiya ƙanena ya turo min wata murya da ke yawo a WhatsApp, wai tun 1 ga Janairun 2026 duk kuɗin da ya shiga asusun mutum daga waje za a yanki kashi 25 cikin 100, wai banki ne zai cire kafin ma ka gani. Maiɗakina ta tsorata, har tana cewa in daina turowa ta banki, in riƙa ba masu zuwa Umara su kai mata hannu da hannu. Shin gaskiya ne? In kuma akwai harajin da ya hau kaina, wace halattacciyar hanya zan bi in rage shi? Ba gudun haƙƙi nake yi ba. Gumina ne, ba na so ya salwanta a kan rashin sani.

MaiShayi_Misfala:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Abu Hanan. A Saudiyya ba a biyan haraji, kowa ya san haka. Abin da aka rubuta maka a kwantiragi shi ke shiga hannunka. Muryar nan ni ma sau uku aka turo min, ƙanzon kurege ne.

Ummu_Sadiq:
Malam Mai Shayi, ba a biyan haraji fa ka ce? To kuɗin murafiƙin, wato wanda baƙo ke biya a kan iyalin da ke zaune tare da shi, mene ne sunansa? Ni da yara huɗu muna kan igamar maigidana, wato takardar izinin zamansa. Riyal 400 kowane kai duk wata. Mu biyar, 2,000 ke nan a wata, 24,000 a shekara, ba a zo maganar haya ba, ba a zo ta makaranta ba. Da aka fara a Yulin 2017 riyal 100 ne, muka ce da sauƙi. Shekara ta zagayo ya koma 200, sai 300, a 2020 ya kai 400. A benen da muke a Aziziyya gida shida ne na baƙi masu iyali a wancan lokacin, yau mu biyu muka rage. Ni na raka maƙwabciyata 'yar Masar filin jirgi, tana kuka yaranta na kuka, duk a nan aka haife su. Ko da wane suna aka kira shi, daga albashin yake fita.

MaiShayi_Misfala:
Gaskiyarki Hajiya, harajin albashi nake nufi. Allah ya buɗa mana baki ɗaya.

Akanta_Riyad:
Abu Hanan, an cakuɗa maka abubuwa ne, bari mu warware su a hankali.

Albashinka na Jidda babu harajin kuɗin shiga a kansa daga ɓangaren Saudiyya, ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya. Ministan kuɗi Muhammad al-Jad'an ya sha faɗin cewa ba su da shirin kawo shi. Ko kuɗin GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta nan, na ma'aikaci baƙo, kashi 2 ne na haɗarin wurin aiki, kuma kamfani ke biya, ba a taɓa naka.

A gida kuwa, Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, dokar harajin ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. Ba ta ɗora komai a kan kuɗin da mutum ya tura wa iyalinsa ba. Ciyarwa da kyauta ba kuɗin shiga ba ne. Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran harajin, ya fito ya yi wannan bayani ba sau ɗaya ba. Kashi 25 ɗin da mai muryar ya tsinto, matakin ƙarshe ne na harajin kuɗin shiga, kuma yana hawa ne kan abin da ya haura naira miliyan 50 a shekara kaɗai. Abin da banki ke cirewa da kansa ita ce naira 50 ɗin nan a kan turin 10,000 ko fiye, wadda dā ma an saba da ita.

Inda haraji ya same ka babu ja shi ne kuɗin haya. Gidan a Kano yake, don haka a Najeriya aka samu kuɗin, ko kana Jidda ko kana bangon duniya. Nan ne za ka yi dabara ta halal. A kan riba ake lissafi, ba a kan dukan abin da ɗan haya ya miƙo ba. Gyaran rufi, fenti, famfon da ya lalace, la'adar dillalin da ke kula da gidan, duk ana cire su in kana da shaida. Matsalar mutanenmu ita ce mai gyara ya zo, a ba shi kuɗi a hannu, shi ke nan, ko takarda babu. Ka sa ƙanenka ya buɗe fayil ɗaya tun yau, duk rasit ya jefa a ciki.

LikitanTabuk:
Ƙari a kan maganar Akanta. Ina zaton mai muryar ya haɗa labarin Amurka ne da namu. Su ne suka sa kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka tura waje da tsabar kuɗi, daga Janairun 2026 shi ma. Ranar ta zo ɗaya, sai aka dama.

Ni na yi aiki a Ingila kafin in dawo nan. Can fam 12,570 na farko ne kawai ba a taɓawa, sauran tun kafin albashi ya iso an yanke. Ranar da na karɓi albashina na farko a Tabuk na ga lamba ɗaya ce a sama da ƙasan takardar, sai da na sake dubawa. Don haka duk wanda ke nan ya san yana cikin wata dama da ba kowa ke da ita ba, kuma ba a san iya kwananta ba. Oman ta riga ta yi doka: daga 2028 kashi 5 a kan abin da ya wuce riyal ɗinsu 42,000 a shekara. Ita ce ta farko a ƙasashen yankin Gulf.

Malami_Hail:
Malam Akanta, Allah ya ƙara sani, amma akwai wurin da ka tsallake, kuma shi ne ya fi shafar mai tambaya. Dokar ta raba mazaunin Najeriya da wanda ba mazauni ba. Mazauni ana bin sa haraji a kan duk abin da ya samu a ko'ina a duniya. Mutane sun riƙe kwana 183 kawai: in ban yi rabin shekara a gida ba, na fita. To sabuwar dokar ba a ƙidayar kwana ta tsaya ba. Ta ambaci wanda ke da gidan zama na dindindin a ƙasar, da wanda ke da alaƙa mai ƙarfi ta dukiya da iyali na kusa. Yanzu dubi Abu Hanan: gida nasa, mata da 'ya'ya a ciki, ga haya tana shigowa. Ba tsoratarwa nake yi ba. Amma kada mu ce masa babu komai alhali ga abin da ke rubuce.

Akanta_Riyad:
Dakta na Hail, ka yi gaskiya, rubutun haka yake, kuma ya kamata in faɗa. Abin da ya sa ban ɗaga hankalinsa ba, bayanin da kwamitin ya yi wa 'yan ƙasa mazauna waje shi ne zama ɗan Najeriya kaɗai, ko tura kuɗi gida, ba ya mayar da albashin waje abin haraji. Mutumin da ke da igama, da kwantiragi, da hayar ɗaki a Jidda, wata goma sha ɗaya yana nan, hujjarsa tana da ƙarfi. Sai dai hujja takarda ce, ba baki ba. Ya ajiye kwafin kwantiraginsa, da takardar hayarsa ta Ejar, shafin rajistar haya na hukuma, ya sauke bayanan shiga da fitarsa daga manhajar hukuma ta Absher duk ƙarshen shekara. In ya je hutu ya zauna da ƙwararren mai lissafin haraji a Kano, awa ɗaya ta isa, ya duba masa halinsa shi kaɗai. Harajin ɗaiɗaikun mutane mazauna ƙasa yawanci hukumar jiha ce ke karɓa, na wanda ba mazauni ba kuwa hukumar tarayya ce.

Malami_Hail:
A nan mun haɗu. Ni abin da ya sa na damu, da hutun aiki na zo daga jami'armu ta gida. Abokan aikina da ke karɓar albashin can har yanzu ana cire musu harajinsu duk wata kamar suna nan. Kowa da irin tasa.

Direba_Dammam:
Ku 'yan boko kuna wahalar da mutum. Abu Hanan, mayar da gidan da sunan matarka, ɗan haya ya riƙa biya a hannu, kada ko sisi ya bi ta banki. Wa zai sani? Kuɗin cefane kuma ga masu Umara nan kullum jirgi na tashi. Hanya ba ta gyaru ba, asibiti babu magani, a kan me zan kai musu kuɗina da ƙafata?

Hajiya_ShariMansur:
Ɗana Direba, kada ka ba shi wannan shawara. Na ga ƙarshenta da idona. Yayana shekara ashirin yana ɗinki a nan Makka. Ya sayi filaye biyu da shago a gida, duk ya sa sunan wani amininsa, don kada a san yana da shi. Ya rasu a nan, aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Da aka zo rabon gado, aminin ya ce fili ɗaya ya sani. Marayu bakwai. Babu takarda, babu shaida, shi da ya sani yana ƙarƙashin ƙasa. Har yau uwar yaran tana sayar da abinci. Nawa ne harajin da ya guje wa? Bai kai kuɗin ƙofar shagon ba.

In ka ba matarka gida kyauta don Allah, ka ba ta, a rubuta, a yi shaidu, ya zama nata har zuci. Amma sunan aro fitina ce kake ajiye wa 'ya'yanka da mahaifiyarka.

Maganar masu Umara kuma, ni ina karɓar baƙi, na san abin da ke faruwa. An taɓa ba wata baƙuwata ambulan ta kai Zariya, ta sa a jakar hannu, a wajen ɗawafin bankwana aka yanke jakar. Ta isa gida ba kuɗi, zumuncin gida biyu ya lalace. Ka bar tsohuwa ta yi ibadarta.

Akanta_Riyad:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ƙari kaɗan: fita da tsabar kuɗi ko zinare da ya kai adadin da Saudiyya ta ƙayyade dole a bayyana wa kwastan a filin jirgi, a Najeriya ma abin da ya wuce dala 10,000 sai an bayyana. Sannan turin banki shi ne kariyar maiɗakin Abu Hanan. In wata rana an tambaye ta daga ina kuɗin nan, ga sunan mijinta, ga ƙasar da ya fito, ga rana. Kuɗin hannu da ta kai banki da kanta shi ne ba shi da uba. Ya riƙa rubuta "cefane" ko "kuɗin makaranta" a wajen bayani. Kuma kada kuɗin haya ya shiga asusu ɗaya da na cefane.

Direba_Dammam:
Hajiya, ki yi haƙuri, ban san kin ga irin wannan ba. Maganar suna na janye. Amma ta asibiti da hanya ina nan a kanta.

Baba_Tundubawi:
Yaro, ɓacin ranka ba sabo ba ne. Ni a ƙauyenmu na tashi na ga haraji da jangali. In lokaci ya yi, dagaci da 'yan doka ke zagayawa, magidanci ya sayar da akuya ko damin gero don ya biya kuɗin kansa, wanda ya kasa kuwa a zaunar da shi a rana a ƙofar gidan mai gari. Mahaifina ya taɓa kwana biyu a jeji saboda haka. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke su a Kano, Balarabe Musa ma ya soke a Kaduna, mata har guɗa suka yi. Shi ya sa Bahaushe in ya ji kalmar haraji gabansa ke faɗuwa, tsohon tabo ne. Amma wancan a kan kai ake ɗora shi, kana da shi ko ba ka da shi. Wannan da kuke magana a kan samu ne. Na ji an ce ma akwai adadin da ba a taɓawa. Akanta, ɗana, faɗa mana shi a fili yadda zan gaya wa jikokina.

Akanta_Riyad:
To Baba. Naira 800,000 ta farko a shekara babu komai a kanta. Daga nan zuwa miliyan 3, kashi 15. Zuwa miliyan 12, kashi 18. Zuwa miliyan 25, kashi 21. Zuwa miliyan 50, kashi 23. Abin da ya haura, 25. Kowane mataki a kan yankinsa kawai yake hawa.

Kafin a kai ga wannan lissafi ana cire wasu abubuwa, kuma nan ne ma'aikacin gida zai sami sauƙi: kuɗin fansho, na asusun gidaje na ƙasa, na inshorar lafiya, na inshorar rai, da sabon rangwamen haya. Wanda ke zaman haya ana cire masa kashi 20 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Wannan shi ya maye gurbin tsohon rangwamen bai-ɗaya da aka soke.

Misali jikanka na ɗaukar 250,000 a wata, miliyan 3 a shekara. A ce fanshonsa kashi 8 a kan duka ake cira, 240,000. Yana biyan haya 600,000, rangwamensa 120,000. Saura 2,640,000. A fitar da 800,000, saura 1,840,000, kashi 15 ɗinsa 276,000 a shekara. In bai kai takardar hayarsa ofis ba, 294,000 zai biya. Naira 18,000 ta tafi saboda takarda ɗaya. Rangwamen ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana hayar da shaidarta.

Wannan ma ya shafe ka, Abu Hanan, ta wata fuskar. Ɗan hayarka in ma'aikaci ne zai nemi rasit ya kai wajen aikinsa, sunanka da adireshin gidan suna jiki. Shawarar karɓa a hannu ba za ta ɓoye komai ba.

Baba_Tundubawi:
Madalla. Allah ya yi maka albarka. Na sa an kwafe min.

Dalibin_Madina:
Malamai, wata tambaya ta taso min. Wanda ya biya haraji, zai iya lissafa shi a cikin zakkarsa? Na ji wasu 'yan kasuwa a gida suna cewa ai gwamnati ta riga ta karɓa.

Malam_Quba:
A'a, ɗalibi. Abin da jumhurun malamai suke kai shi ne haraji ba ya ɗauke zakka. Zakka ibada ce, tana da niyya, da nisabi, da shekara, da mutane takwas da aka ambata a Suratut Tauba. Haraji ba ya bin ko ɗaya. Wanda ajiyarsa ta kai ƙimar giram 85 na zinare ta shekara a hannunsa, kashi biyu da rabi ya hau kansa, ko ya biya haraji ko bai biya ba. Kuma ina jan hankalinmu mu da ke nan: da yake ba a cirar mana komai a albashi, da yawa muna tarawa a asusu muna manta cewa shekara ta zagayo. Mutum ya san ranar ƙarewar igamarsa da ka, amma bai san ranar zakkarsa ba.

A Malesiya dai hukuma na rage wa musulmi harajinsa gwargwadon zakkar da ya biya ta hannun hukumar zakka. Wato harajin ake ragewa saboda zakka, ba zakkar ake ragewa saboda haraji ba.

DanMaiurno:
Ya jama'a, ni daga Sudan nake, Maiurno kusa da Sinnar, kakanninmu da ayarin Sarkin Musulmi Attahiru suka taso. Ina karanta ku ina cewa 'yan Najeriya ku gode wa Allah. Mu shekara da shekaru mugtaribi, wato mai aiki a waje, yana da nasa kuɗin da yake biya wa ƙasa. Mahaifina ya yi aiki a Jidda tun ina yaro. In ya zo hutu, kafin ya koma sai ya ware kwanaki ya tafi Khartum da jakar takardu, ya biya gudummawar ƙasa, ya biya zakka, ya biya kuɗin hidima, sannan a buga masa izinin fita. A wurinmu zakka hukuma ce ke karɓa, akwai Diwanin Zakka da dokarsa. Ina tuna jakar, baƙa ce mai zif, kowane rasit na kowace shekara yana ciki a jere, an ɗaure da roba. Ya ce min wanda ya ɓatar da rasit sau biyu yake biya.

Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 lissafinmu ya canza gaba ɗaya. Yanzu rabin albashina ta manhajar banki ta Bankak yake tafiya, gida huɗu nake riƙe da su. Abin da zan ce wa Abu Hanan shi ne na mahaifina: ka sami jakarka.

Ummu_Sadiq:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ɗan'uwa. Amin.

Tunda tambayar ta rage kashewa ce, mu dawo nan inda muke. Dariba fa, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya? Kashi 5 aka fara a 2018, Yulin 2020 ta koma 15. Duk riyal 115 da ka kashe a kanti, 15 ta dariba ce. Mu cefanen wata yana kai 2,300, ka ga 300 ke nan, a shekara 3,600. Ni abin da na koya: ina duba fatura, wato rasit. Akwai wata baƙala, wato ƙaramin kanti, a unguwarmu da ke ƙara kashi 15 a kan farashin da ke jikin kaya, alhali farashin da aka liƙa da daribarsa a ciki. Kuma takardar da yake bayarwa babu lambar rajista, babu lambar nan mai murabba'i da ake ɗauka da waya. Na sauke manhajar ZATCA, hukumar haraji ta nan, na nuna masa zan duba, daga ranar bai sake ƙara min ba. Lemon kwalba kuma na rage shigo da shi gida, tun 2017 aka ɗora masa haraji na musamman, na ƙara kuzari ma ninki aka yi masa. Yara sun yi ƙorafi sati biyu, suka koma zoɓo.

Abu_Hanan_Jidda:
A nan zan iya ƙarawa, tunda sana'ata ce. Magungunan da ke cikin jerin hukuma daribarsu sifiri ce. Amma man shafawa, sabulu, da yawancin kayan kwalliyar da muke sayarwa suna da ita. Ku riƙa duba faturar kantin magani layi-layi. Hayar gidan zama ma babu dariba a kanta, ta shago ce ke da ita.

MalamarTaif:
Wani abin da ya fi dariba cin mutanenmu shi ne biyan abin da ba nasu ba. Dokar ƙwadago ta ɗora kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su a kan mai ɗaukar aiki, har da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare. Kuɗin da ake biya a kan kowane ma'aikaci baƙo, 700 ko 800 a wata, na kamfani ne. Na murafiƙin ne kawai naka. Amma nawa ne a cikinmu ake yanka musu a albashi suna shiru? Ɗan ƙanwata shekara biyu ana cire masa da sunan sabunta igama, yana tsoron magana kada a ƙi sabuntawa. Sai da muka zaunar da shi muka nuna masa, ya kai ƙara ofishin ƙwadago, aka sasanta aka mayar masa da wani abu.

Haka kuɗin sallama. Rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Amma in kai ka ajiye aikin da kanka tsakanin shekara biyar da goma, biyu bisa uku za ka samu. Abu Hanan, kana shekara ta bakwai, ka riƙe wannan kafin ka yanke shawarar komawa.

Damagaram_Batha:
Ni tambayata ta kasuwa ce. In na buɗe ɗan shago da sunan wani ɗan ƙasa, ina ba shi wani abu duk wata, ai na huta da kashi 20 ɗin da ake karɓa a ribar baƙo, ko?

Akanta_Riyad:
Kada ka kusanci wannan, ɗan'uwa. Shi ne tasattur. Hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan 5, a ƙwace abin da aka samu, baƙo kuma a fitar da shi. Ko ba a kama ku ba, labarin da Hajiya ta bayar ne zai maimaita kansa: shago da asusu da kaya duk da sunan wani, ranar da ya juya maka baya ba ka da inda za ka kai kuka, don kai ma mai laifi ne. Mai son kasuwanci ya bi ta lasisin zuba jari.

Direba_Dammam:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min: in Abu Hanan ya tara rasit ya je ya biya, me Kano za ta yi masa da kuɗin? A nan ko ba komai ina ganin titin da nake bi.

Malami_Hail:
Tambayarka tana kan hanya, Malam Direba, kuma ba Akanta ne zai amsa ta ba, masu mulki ne. Ni dai abin da na gani, takardar shaidar biyan haraji ana nemanta a wajen mallakar fili da neman kwangila da wasu harkokin hukuma. Wanda zai koma gida wata rana zai buƙace ta. Kuma wanda ya biya ya fi ƙarfin bakin tambaya.

Direba_Dammam:
Talakan da bai biya ba ma yana da bakin tambaya, Dakta. Ƙasarsa ce.

Hajiya_ShariMansur:
Ku bar wannan haka, kowa ya faɗi tasa.

Abu_Hanan_Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira maiɗakina na karanta mata bayanin Akanta da labarin Hajiya, hankalinta ya kwanta, za mu ci gaba da banki. Ƙanena zai buɗe asusu daban na haya. Damuwata yanzu gyaran da na yi bara: na canza kwanon rufin sashen 'yan haya gaba ɗaya, kafinta ɗan unguwa ne, babu rasit ko ɗaya. Sai dai ta banki na tura masa kuɗin, kashi uku, kuma hotunan aikin suna wayata.

Maganar da Dakta ya tayar ta mazauni ita ce ban gama natsuwa da ita ba. Hutuna bayan Babbar Salla ne, zan nemi mai lissafi in na je.

Akanta_Riyad:
Sauke shaidar turin guda uku ka buga su a takarda. Ƙanenka ya je wajen kafintan ya rubuta abin da ya yi da abin da ya karɓa, ya sa hannu da kwanan wata. Dilan da aka sayi kwanon a wurinsa ma yawanci yana da littafi, a tambaye shi. Ka kuma sani ana bambanta gyaran abin da ya lalace da ƙarin gini, don haka a rubuta cewa tsohon rufi ne ya yi yoyo aka sauya. Sai dai kada ka jira Babbar Salla. Bayanin kuɗin shigar shekarar da ta wuce zuwa 31 ga Maris ake miƙa shi. Kana da lambar haraji kuwa?

Abu_Hanan_Jidda:
Ina da NIN dai. Ban taɓa zuwa ofishin haraji ba.

DanMaiurno:
Kafintan yana nan da rai da lafiya? To ƙanenka ya je gobe, kada ya bari sai jibi.

Ummu_Sadiq:
Malam Akanta, kafin ka tafi, ni ma ina da shago a Katsina da wani kamfani ke haya, suna cire kashi 10 kafin su turo. Ban taɓa karɓar wata takarda a kai ba. Wa zan tambaya, su ko ofishin jiha?